Yadda Ake Gano Abin da Ke Ɓata Sautin Jita Idan Ana Naɗa a Gida

Kusan duk wanda ya kawo mini naɗin jitarsa yana kukan sauti bai fita ba, da tambaya ɗaya yake farawa: "Yaya, wane makirufo zan saya?" Ni ma da can haka na ɗauka. Na taɓa tara kuɗi na aika Kano aka sayo mini sabo, na jona, sai ga gunjin da nake gudu yana nan daram. Mako biyu ina fama, har ran da aka ɗauke wuta ina tsakiyar naɗi, kwamfuta ta koma kan batir, gunjin ya ɗauke ɗif. Ashe cajar kwamfuta ce. Yawancinmu jaki muke bari muna dukan taiki.

Sauti hanya yake bi. Daga tsirkiya ya shiga katako, daga katako ya shiga iskar ɗaki, sannan makirufo, igiya, akwatin sauti, kwamfuta. Hanyar nan za ka bi daki-daki, daga farko. Kuma abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji. In ka sauya uku lokaci guda sauti ya gyaru, ba ka san wanne ne ya gyara shi ba, gobe kuma matsalar ta dawo.

Kayan aiki

Jitar katako, wadda ba sai an jona ta da lantarki ba, da sabbin tsirkiyoyi saiti ɗaya a ajiye. Makirufo kowane iri kake da shi, da sandar kafa shi. In babu sanda, ka ɗaure shi da kyauron roba a jikin kujera, ka sa tsumma a tsakani don kada motsin kujera ya shiga. Igiyar makirufo guda biyu, domin ta biyun ce za ta tona asirin ta farko. Akwatin sauti, wato ƴar na'urar da ake jona makirufo a jikinta ta kai sautin cikin kwamfuta ta USB, da hedifon mai igiya wanda ke rufe kunne duka. Kwamfuta da manhajar naɗi. Audacity kyauta ce kuma ta ishe ka. Sai katifa ɗaya, barguna biyu, darduma ko kafet, alli, da littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka sauya.

In salula kaɗai gare ka, kada ka karaya. Mataki na 1 zuwa na 5 duk naka ne, kuma a nan ne mafi yawan gyaran yake.

1. Ka ba matsalar suna

Kunna naɗi, ka yi shiru na daƙiƙa 10, sannan ka kaɗa na daƙiƙa 20. Saurara da hedifon. Abin da ka ji a cikin shirun ba daga jita yake ba: gunji mai kauri "huuum" na lantarki ne ko firij, "shiii" kamar iska na fita daga taya na ƙarfin shiga ne (yawan ƙarfin da akwatin sauti ke ƙara wa makirufo) ko fanka. Abin da ke zuwa sai ka kaɗa kuwa, shi ne na jita, ɗaki ko wurin makirufo: zizar ƙarfe, sauti kamar daga cikin tulu, amsa-kuwwa, ko tsagewa idan ka buga da ƙarfi. Rubuta abin da ka ji. Wannan ɗan naɗin ka ajiye shi, da shi za ka riƙa auna duk na baya.

2. Jitar kanta

Ajiye hedifon ka kaɗa, kunnenka kawai. Bi kowace tsirkiya, ƙarfe bayan ƙarfe (ƙarafunan da ke gicciye a wuyan jita) har ƙarshen wuya. Abin da kunnenka ya tsinta kaɗan, makirufo zai ninka shi.

A nan Maraɗi babban abokin gabar jita shi ne hunturu. Katakon jita yana son laimar iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba har cikin bazara iskarmu busasshiya ce ƙamas, wadda ke tsaga leɓe da kaushin ƙafa. Katako yakan tsuke, fuskar jita ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi su sauko su fara taɓa ƙarafunan wuya. Shi ne zizar da kake ji. Shafa hannu a gefen wuya: in bakin ƙarafunan na kartar ka, jitarka ƙishirwa take ji. In aka bar ta haka, wata safiya sai ka tarar da tsaga daga jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa a fuskar jita, zuwa gindi. Na ga wannan da idona a jitar wani yaro da ya rataye ta a bango kusa da taga tsawon hunturu guda.

Maganinsa ba tsada. Samu ƙaramin akwatin sabulu na roba, ka huda murfinsa da ƙusa mai zafi wuri shida ko bakwai. Jiƙa soso, ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa ciki, ka ajiye a cikin gidan jita ka rufe. Kowane kwana biyu ka sake jiƙawa. In ba ka da gidan jita, babbar leda ma ta yi, muddin ruwa bai taɓa katako ba. Ka ba ta mako guda. Sau da yawa zizar takan tafi da kanta.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ruga a murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuya. Kada ka taɓa ta sai bayan jita ta sha laima. In har lallai ne, danna babbar tsirkiya a ƙarfe na 1 da na 14 lokaci guda, ka duba tsakaninta da ƙarfe na 7. Ya kamata a sami ɗan sarari kamar kaurin katin waya. In ba sarari ko kaɗan, sassauta sandar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka bari ta kwana. In ta ƙi juyawa, kada ka matsa mata, kai wa wanda ya iya. Da damina kuma abin juyawa yake: katako ya kumbura, tsirkiyoyi su yi sama, yatsu su sha wuya. Shi ya sa ba na son a kankare jaki da hunturu ko da damina ba tare da tunanin ɗaya lokacin ba.

Sai tsirkiyoyi. Gumi da ƙura suna kashe su da wuri. Tsohuwar tsirkiya sautinta a dushe yake, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi. Sauya su kwana biyu ko uku kafin naɗi don su zauna. In sababbi ba su samu ba, goge tsoffin ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ɗan alkol na kantin magani, ba tare da ya taɓa fentin jita ba. Kada ka kuskura ka ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta roba, jakin zai iya ɓallewa. Duba kuma maɗauran kai ko akwai wanda ya kwance yana kaɗawa, ka yanke jelar tsirkiyoyin da ke reto. Cire agogo da zobe, ka sa riga marar maɓalli. Saita tsirkiya da manhajar saita jita a kan hertz 440 (hertz shi ne adadin kaɗawar sauti a daƙiƙa), kuma ka sake dubawa kafin kowace ɗauka, domin zafi na sassauta su.

3. Ɗakin

Tsaya a ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata ƴar ƙara "tirrr" ta biyo baya, ɗakin na mayar da sauti. Sabbin gine-ginen da ake yi a unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, bulo da siminti da tayil, sun fi kowane yin haka. Ɗakin laka mai azara, irin na tsoffin gidajen cikin gari, ya fi su daɗin naɗi nesa ba kusa ba, saboda bangonsa ba sumul yake ba. In kakarka na da irinsa, ka roƙe ta aron awa biyu.

In ɗakin siminti ne dole, ga yadda nake yi. Kada ka zauna a kusurwa, nan kaurin sauti ke taruwa. Kada kuma ka zauna a tsakiyar ɗaki cif. Shimfiɗa darduma ƙarƙashinka da makirufo. Jingine katifa a tsaye a bayanka. Mutane kan sa ta a bayan makirufo, amma ka lura: makirufo kai yake kallo, don haka bangon da ke bayanka shi ma yake ji. Rataya bargo a igiyar shanya ta gefe ɗaya, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango, ya fi a manna shi. In akwai kabad cike da tufafi, buɗe ƙofofinsa. Sake tafawa. Za ka ji bambanci nan take.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ɓata lokaci ne. Ba shi da kaurin da zai shanye sautin jita, ba ya hana ƙarar waje shigowa, sai tara ƙura da kyankyasai. Kada kuma ka lulluɓe ɗakin gaba ɗaya har sauti ya mutu. Jitar katako tana son ɗan numfashi.

4. Hayaniya da lokaci

Fanka dole a kashe ta. Na san abin da nake faɗa, na yi naɗi a watan Afrilu. Dabarar ita ce ka bar ta tana aiki har ka gama shiri, ka kashe, ka ɗauki minti uku ko huɗu, ka sake kunnawa. Firij ma a cire shi daga soket, ka sa makullin babur ɗinka a ciki don kada ka fita ka manta, kayan mutane su lalace.

Sauran sai zaɓen lokaci. Injin niƙa, ƴan kabu-kabu, manyan motocin hanyar Ɗan Isa, yara in an taso daga makaranta, duk ka san lokutansu a unguwarku. Rufin kwano yakan yi ƙas-ƙas idan rana ta fara dukansa da kuma lokacin da yake hucewa. Ni na fi samun natsuwa daga ƙarfe goma na dare, in ba damina ba, lokacin da gyare da kwaɗi ke nasu kiɗan. Ka san lokutan kiran salla ka tsara aikinka a tsakaninsu, ka kuma sanar da mutanen gida.

5. Inda makirufo zai tsaya

Nan ne aikin yake. Kowa in ya fara, ramin jita yake nufa da makirufo, don a ganinsa daga nan sauti ke fita. Abin da ke fita daga ramin iska ce mai kauri, wajen hertz 100, kuma ita ce ke sa naɗi ya zama kamar an kaɗa a cikin randa. Ƙari a kan haka, irin makirufon da muke amfani da su suna ƙara kauri idan an matso da su kusa sosai.

Kafa makirufo daidai inda wuya ya haɗu da jiki, wajen ƙarfe na 12 zuwa na 14, da tazarar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato santimita 20 zuwa 30. Ɗauki daƙiƙa 20. In kauri ya yi yawa, ja shi baya kaɗan ko ka kautar da bakinsa daga ramin. In sautin ya yi siriri kamar ana kaɗa gwangwani, juya bakin kaɗan zuwa ramin. In kukan yatsu a kan tsirkiya ya dame ka, kautar da shi daga hannun hagu, kuma ka koyi ɗaga yatsu idan za ka sauya wuri maimakon jan su. In ɗaki ya fi jita fitowa, matso. Motsin yatsu biyu kawai yana sauya sauti, don haka a hankali.

In kana da wanda zai kaɗa maka, toshe kunne ɗaya da yatsa, ka durƙusa gaban jitar, ka riƙa yawo da ɗaya kunnen har ka sami inda ta fi daɗi. Nan za ka sa makirufo. Akwai wuri na biyu da nake so ga mai kaɗawa da yatsu: ƙasa da jaki, ta bayan hannun dama. Sautin can ya fi taushi da cika.

Wani kuskure da na sha gani: manyan makirufon nan masu raga ta gefe suke ji, gefen da tambarin kamfani yake. Sai ka ga mutum ya nufi jita da ƙoƙon kansa, ko ma ya juya mata baya, yana mamakin yadda sauti ya yi nisa. Yi magana a kowane gefe ka tabbatar. Idan ka sami wurin, zana ƙafafun kujera da na sanda da alli.

Mai salula: nemo ƴar hudar makirufo a gindin wayar, ita za ta kalli ƙarfe na 12, da tazarar taƙi biyu. Ɗora wayar a kan matashi, kada ka riƙe ta ko ka ajiye ta kan tebur tsirara. Kada ka naɗa ta saƙon murya na WhatsApp, an yi shi don magana ne, yana matse sauti. Nemi manhajar da ke ajiyewa a WAV, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, ka kashe duk wani abin rage hayaniya da ke cikinta, domin yakan ɗauki jelar sautin tsirkiya a matsayin hayaniya ya datse ta.

6. Ƙarfin shiga

A jikin akwatin sauti akwai maɓallin da aka rubuta wa Gain. Kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙarka, ka riƙa murɗawa har ma'aunin manhaja ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, ba ya taɓa ja. In ya kai 0 sauti ya tsage, kuma abin da ya tsage ba ya ɗinkuwa. In kuma ka yi ƙasa sosai, sai ka ɗaga daga baya "shiii" ya taso tare da shi. Sa manhajar a kan bit 24 in akwatinka ya yarda.

Makirufo mai raga irin na situdiyo yana buƙatar wutar 48V daga akwati. In ba a kunna ta ba, ko dai shiru ko sauti can ƙasa. Jona igiya tukuna, ka rage hedifon, sannan ka kunna. Irin na hannu da ake waƙa da shi a dandali ba ya buƙatarta, sai dai yana son a matso da shi kuma a ƙara masa ƙarfi. Masu ƙananan akwatunan nan na kai-tsaye a TikTok, ku mayar da maɓallin Echo sifiri. Amsa-kuwwar da ta shiga naɗi ba ta fita.

7. Gunjin lantarki

Wutar gidajenmu volt 220 ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan bugun ne kake ji yana gunji. Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, hedifon na kunnenka. Zare cajar kwamfuta. Raba igiyar makirufo da wayoyin wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su kwanta tare. Jona duk kayan naɗi a soket guda. Kashe dogon ƙwan fitila da ƙananan ƙwayaye masu araha. Nisanta daga na'urar daidaita wuta da injin juya wutar sola. Sa duk salular da ke ɗakin a yanayin jirgin sama, ita ce ke kawo "dit-dit-dirrr" ɗin nan. Daga ƙarshe sauya igiya. Mai ƙafa uku, XLR, ta fi mai siririn kai juriya sosai.

In janareta kuke amfani da shi, cika batir tukuna, a kashe shi, ka yi naɗi. Kada ka karya ƙafar soket ta uku don wani ya ce tana kawo gunji, kariyar ranka ce. In kana jin wuta na ɗan tsikarinka a jikin kwamfuta ko makirufo, tsaya, kira mai gyaran wuta.

In jitarka na da wurin jona igiya, duba batirinta mai 9V. Idan ya yi sanyi sauti yakan shaƙe. Amma ko da sabo ne, sautin makirufo ya fi na jonin kama da jita.

8. Ƙaras-ƙaras da jinkiri

Ƙaras-ƙaras da tsallen sauti alamar kwamfuta ta gaza ne. A saitin manhaja ko na akwati akwai adadin Buffer, wato girman gutsuren sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda. In yana 128, kai shi 256 ko 512. Rufe intanet da sauran manhajoji, ka jona akwati kai tsaye a jikin kwamfuta. Tabbatar akwati da manhaja suna kan lamba ɗaya a wurin da aka rubuta Sample Rate, 44,100 ko 48,000. In sun saɓa, waƙa kan iya fitowa da sauri ko nauyi. Zafi ma na rage wa kwamfuta ƙarfi, don haka ɗaga ta a kan katako biyu iska ta ratsa, ka sa a busa mata ƙura. In kana jin kanka a makare cikin hedifon, danna maɓallin Direct na akwati. Hedifon na Bluetooth kuwa ajiye shi, jinkirinsa ba ya gyaruwa.

9. In makirufo biyu ne

Ban ba mai farawa shawarar biyu ba sai ya ƙware da ɗaya. In ka sa biyu sauti ya zama fanko, suna cin juna ne saboda sauti na isa gare su a lokuta mabambanta. Daidaita nisansu daga jita, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta kai ninki uku na wannan nisan. Haɗe sautinsu wuri ɗaya a manhaja ka saurara, ka matsar da guda har kauri ya dawo.

10. Gyara da manhaja

Sai yanzu. Ajiye kwafin asali kafin ka taɓa komai. Babbar tsirkiya a sake tana kan hertz 82, don haka duk abin da ke ƙasa da 70 ba na jita ba ne, yanke shi. In har yanzu akwai nauyi, rage desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 2 ko 3 a wajen hertz 200 zuwa 300. Ragewa ta fi ƙarawa amfani. Ga ragowar "shiii", zaɓi shirun nan na farkon naɗi, ka nuna wa Audacity shi a matsayin samfurin hayaniya, sannan ka rage desibel 6 zuwa 9. In ka zarce, jita za ta koma kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin ruwa, kuma ni na gwammace ɗan huci da wannan. Amsa-kuwwa ta ado a ƙarshe take zuwa, kaɗan, daidai inda in ka cire za ka ji rashinta.

11. Fitarwa da aikawa

Daidaita ƙololuwar sauti a -1, ka fitar da WAV ka adana, sannan MP3 mai 256 ko 320 don rabawa. In za ka tura wa mai haɗa kiɗa ta WhatsApp, tura WAV ɗin a matsayin takarda (Document), ta nan ba a taɓa shi. Kafin ka saki, saurara a hedifon, ka saurara a ƙaramar sifika, sannan a bakin salula, tunda da ita mafi yawan mutanenmu za su ji. Salula ba ta fitar da kauri. In a kanta jitar ta ɓace sai ƙarar farce kawai, koma mataki na 5, ka juya bakin makirufo yatsa ɗaya zuwa ramin, ka sake ɗauka.